Yadda ake toshe kafofin iska a riƙe ɗumi a tsohon gida lokacin hunturu a Damagaram

Daga Disamba zuwa Fabrairu, zafin rana a Damagaram yakan kai wajen digiri 30 da tsakar rana, amma da asuba sai ya sauko wajen 15, wani daren ma ya yi ƙasa da haka sosai. Abin da ke hana mutane barci ba wannan saukar kaɗai ba ce. Iskar hunturu ce mai kaɗawa daga arewa maso gabas, busasshiya, ɗauke da ƙura, tana kutsawa ta ƙarƙashin ƙyaure, ta tsagar bango, ta bakin kwano, tana kwashe ɗumin da ɗaki ya tara. Ɗumin da ya rage kuma yana ficewa ta rufi.

Kafin a taɓa komai a tuna da Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40. Wanda ya toshe ɗakinsa gam da siminti saboda ɗarin wata uku zai sha wuya sauran shekara. Don haka kowane gyara a nan iri biyu ne: ko dai abin da za a iya cirewa idan bazara ta kawo kai, ko kuma abin da ke da amfani a sanyi da zafi duka, kamar silin da gyaran yaɓe. Tsofaffin gidajen garin ma ba iri ɗaya ba ne. Soron laka mai kaurin bango, irin na Birni da Zango, matsalarsa tsaga ce da ƙofa. Ɗakin bulo ko na tubali mai rufin kwano da ƙyauren ƙarfe kuwa, rabin ciwonsa a sama yake.

Neman inda iska ke shigowa

A zaɓi safiyar da iska ke kaɗawa. A rufe ƙofa da taga kamar yadda ake rufewa da dare, a kunna turaren tsinke, a bi da shi a hankali ta gefen ƙyaure, ƙarƙashinsa, kewayen taga, kusurwoyin ɗaki, da inda bango ya haɗu da rufi. Inda hayaƙi ya kwanta gefe ko ya watse, akwai kafa. A sa alama da alli ko gawayi. Bayan hannu da aka jiƙa da ruwa ma yana jin iskar da ido ba ya gani. Da dare kuma mutum ɗaya ya tsaya waje da tocila yana haska gefen ƙofa, wani yana ciki cikin duhu yana duba inda haske ya ɓullo. Ƙurar hunturu kanta shaida ce: duk inda aka wayi gari aka ga ta kwanta layi guda a daɓe ko a kan dokin taga, ta nan iska ta bi.

A fi mai da hankali ga bangon gabas da na arewa. Hadarin damina yawanci daga gabas yake tasowa, shi ya sa wannan ɓangaren ya fi cin duka, yaɓensa ya fi zaizayewa, kuma shi ne hunturu ke fara samu.

A kuma duba sama da ƙasa tare. Iska mai ɗumi sama take hawa. Idan ta sami mafita a bakin rufi, sai ta ja mai sanyi ta shigo ta ƙarƙashin ƙofa ta maye gurbinta. Wanda ya toshe ƙasa ya bar sama buɗe, ko ya toshe sama ya bar ƙasa, rabin aiki ya yi.

Ƙofa

Nan ya kamata a fara, domin nan ne kuɗi kaɗan ke yin aiki mai yawa. Ƙyaure mai faɗin santimita 80 wanda ya bar tazarar santimita 1 tsakaninsa da daɓe, daidai yake da rami mai santimita 9 tsawo da 9 faɗi a jikin bango, kuma a daidai inda yara ke kwance a tabarma.

A samo tsohuwar robar cikin tayar mota wurin masu faci. A yanka ta tsawon faɗin ƙyauren, faɗinta santimita 6 zuwa 8. A ɗora ta a gindin ƙyauren ta ciki, yadda bakinta zai taɓa daɓe ya ɗan lanƙwashe kamar rabin santimita. A danne ta da siririn katako, a buga ƙusa kowane santimita 15. Idan ƙyauren na ƙarfe ne, mai walda zai huda shi ya danne robar da siririn ƙarfe da noti. Kada a yi walda bayan an sa robar, za ta ƙone. Kuskure ne barin robar ta yi tsawo, sai ƙofa ta riƙa ja da ƙasa, ba da jimawa ba ta yage.

Idan daɓen ba shi da daidaito, roba ba za ta zauna ba. Sai a ɗaga dokin ƙofa da santimita 2 ko 3, yadda ƙyauren zai jingina da shi idan an rufe. Wannan yana tare ruwan damina da kunama ma. Wanda ba shi da halin ko ɗaya, ya ɗauki ƙafar tsohon wando, ya zuba busasshen yashi a leda, ya cusa ciki, ya ɗinke bakin biyu. Tsawonta ya ɗara faɗin ƙofa da santimita 10. Da dare a shimfiɗa ta a gindin ƙyaure. Kada a cika ta da dusa ko ƙaiƙayi, ɓera zai same ta.

Gefuna da saman ƙyaure ana yi musu da soson tsohuwar katifa, a yanka shi sirara kamar kaurin ɗan yatsa, a manna a jikin firam inda ƙyaure ke bugawa. A fara goge wurin da ɗanyen tsumma a bari ya bushe, domin gam ba ya kama ƙura, in ba haka ba soson da aka manna ba ya daɗewa sai ya faɗo. Don a gane ko ya yi, a sa takarda a rufe ƙofa a kanta a ja: idan ta zare ba tare da turjiya ba, da saura. Idan kuma sai an banka ƙofa kafin sakata ta shiga, soson ya yi kauri, a rage shi kafin ya karkatar da ƙyauren. Tazarar da ke tsakanin firam da bango a cike ta da laka idan bangon na laka ne, idan na bulo ne da kwaɓin siminti awo 1, yashi awo 4.

Ƙyauren ƙarfe ko ba kafa sanyi yake ɗauka ya watsa cikin ɗaki. Maganinsa labule mai nauyi: tsohon bargo ko gwado, ko zane biyu da aka ɗinke da buhu a tsakani. Ya wuce bakin ƙofa da santimita 15 dama da hagu, ya sauka har ƙasa, samansa kuma ya manne da bango. Labulen da ya tsaya a ƙwauri ado ne kawai. Ƙyaure mai ganye-ganyen ƙarfe na shan iska, a yanka kwali mai kauri ko falanki daidai wurin, a ɗaure ta ciki da waya, yadda za a kwance idan zafi ya zo.

Taga

Ƴar tagar soro ba ta da wuyar sha'ani. A ɗinka ƴar jaka daidai girmanta, a cika da tsummoki ko audugar rimi, a cusa da magariba, a cire da hantsi. Tagar gilashi mai ganye-ganye ita ce mai wahala, domin ko sabuwa ce ba ta rufuwa ruf. A maye ganyen da ya fashe, a matse ƙarafan da ke riƙe da su, sannan kafinta ya haɗa firam na siririn katako daidai bakin tagar ta ciki, a ja farar leda mai kauri a kai, a zagaye gefen da soso don ya zauna dam. Tazarar santimita 2 zuwa 5 tsakanin gilashi da leda ita ce ke riƙe ɗumi, domin iskar da ke tsaye wuri ɗaya ba ta saurin ba da zafi. Haske yana shiga, ƙura ba ta shiga. Ledar shekara ɗaya take yi, rana na cinye ta, amma firam ɗin yana nan. A kowane ɗaki a bar taga ɗaya da za a iya buɗewa kullum.

Tsagar bango

Bangon laka mai kaurin santimita 40 ko fiye yana shan zafin rana a hankali, ba ya sakinsa cikin ɗaki sai bayan sa'o'i masu yawa, wato cikin dare, daidai lokacin da ake bukata. Wannan baiwa ce da bulon siminti ba shi da ita, kuma tsaga ce ke ɓata ta.

Tsaga iri-iri ce. Ta saman yaɓe mai kama da zare ba ta wuce iska, sabon shafe ya ishe ta. Wadda ta ratsa bango, ana ganin haske ko ana jin iska ta cikinta, ita ce abin gyara. Amma idan hannu na shiga, ko ta taso daga tushe ta nufi sama a karkace, ko bangon ya fara jingina, a sa alama a ƙarshenta, a manna ɗan curin laka a kanta a jira mako biyu zuwa uku. Idan curin ya tsage, bangon motsi yake, aikin magini ne, kuma kada a kwana a ɗakin sai ya duba.

Tsagar da ba ta motsi kuwa, ga yadda ake yi. A faɗaɗa bakinta da wuƙa ko ƙaramin ƙarfe, yadda waje zai fi ciki faɗi, a share garin ƙasar da tsintsiya. A yayyafa ruwa har wurin ya jiƙe amma ba ya ɗiga. Busasshen bango yana tsotse ruwan sabuwar laka nan take, sai ta ƙi kamawa. A cusa laka da yatsa ko tsinke har ciki, hawa-hawa, kowane hawa kada ya wuce santimita 2, a bari ya sha iska kafin a ƙara. Babbar tsaga a haɗa da gutsattsarin tubali, in ta yi tsawo a gitta guntayen itace masu ƙwari a cikinta su ɗaure gefe da gefe.

Kwaɓin shi ne sirrin aikin. A nemi ƙasa irin wadda aka gina bangon da ita. A haɗa da tattaka ko ƙaiƙayi da kashin jaki ko na shanu, a tattake, a rufe a bari ya kwana biyu ko uku ya ruɓa. Tunda ƙasar kowace unguwa da halinta, a gwada tukuna: a shafa faci uku kamar faɗin tafin hannu biyu, ɗaya laka da yashi awo ɗaya-ɗaya, ɗaya yashi awo 2, ɗaya yashi awo 3. Wanda ya tsattsage, laka ta yi yawa. Wanda ke zuba idan an goga hannu, yashi ya yi yawa. A ɗauki na tsakani. Hunturu na busar da yaɓe da gaggawa har ya fashe, don haka a yi aikin da la'asar, a rataya buhu ko zana a kai kwana biyu. Lokacin da ya fi dacewa shi ne Oktoba da Nuwamba, bayan ɗaukewar ruwa, kafin tafkuna su ƙafe. Kowa ya san yadda ruwa yake tsada a garin nan idan rani ya yi nisa. Inda ake samun makuba, ruwan ɓawon ɗorawa, a shafa a hawan ƙarshe na waje don ya jure damina.

Kada a liƙe tsagar laka da siminti, kuma kada a yi wa bangon laka filasta da shi don neman ɗumi. Ba sa kama juna. Siminti na tsare damshi a bayansa, laka ta ruɓe, a sami kogo tsakani inda iska da gara ke yawo, wata rana ya ɓallo fale-fale ya bar bangon ya fi da lalacewa.

Rufi

Rufin soro, azara da ƙasa a kai, yana riƙe ɗumi da kyau. Abin dubawa shi ne tsagar da ke gefen rawani, wato ɗan bangon da ya kewaye saman soro, da bakin indararo, a cike su da kwaɓin da aka ambata. Wasu kan ce a ƙara ƙasa a sama don ɗaki ya yi ɗumi. A yi hattara: ƙasa mai kaurin santimita 5 a kan ɗaki mai mita 3 da mita 4 ta kai nauyin tan guda. Tsohuwar azarar da gara ta ci cikinta ba za ta ɗauka ba. A ƙwanƙwasa kowace azara, a soka mata ƙusa kusa da inda ta shiga bango. Idan ƙusa ta nutse da sauƙi ko gari ya zubo, canji take so, ba ƙarin kaya ba.

Kwano kuwa kaurinsa bai kai milimita ɗaya ba, ba ya tare komai. A daren hunturu da sama ta yi garau, yakan yi sanyi har ya fi iskar waje, ya riƙa zuƙe ɗumin ɗaki da na jikin masu barci. Silin ne maganinsa, kuma shi ne gyara mafi tsada a wannan jagora, amma shi ne wanda ke biyan kuɗinsa sau biyu, domin a bazara ma shi ke tare zafin kwano.

A fara toshe duk inda ke yoyo, in ba haka ba damina ɗaya za ta ruɓar da aikin. Kafinta ya kafa katako tazarar santimita 60 tsakani, a bar aƙalla santimita 20 zuwa 30 tsakanin silin da kwano. Falankin silin mai santimita 122 da 244 yana rufe kusan murabba'in mita 3, don haka ɗaki mai mita 3 da 4 a sayi guda 5 saboda yanka. A rufe mahaɗar falanki da siririn katako, a kuma rufe kewayen da ya haɗu da bango, domin ta nan ɗumi ke silalewa. Idan da hali a shimfiɗa soso mai kaurin santimita 5 a bayansa. A bar ƙofar shiga mai santimita 50 don dubawa. Wayar lantarki duk a sa ta cikin bututun roba, kada ta kwanta tsirara a kan soso ko katako, gobara daga nan take tashi.

Mai ƙaramin ƙarfi ya ja waya mai kauri daga bango zuwa bango, tazarar santimita 50, ya shimfiɗa buhunan da aka farke aka ɗinke, sannan zana ko tabarmin kaba a ƙarƙashi. Bai kai falanki ba, amma bambancin ana jin sa daren farko. Sai dai a riƙa saukewa ana kakkaɓewa kowace shekara, kuma ba a yin sa a ɗakin da ake girki. Kwali a sama gayyatar gara da ɓera ne.

Ramukan da ke bakin kwano, inda tudu da kwarinsa suka hau bango, hukuncinsu ya danganta da silin. Idan babu silin, a cusa musu curin laka mai ƙaiƙayi, musamman gabas da arewa. Idan akwai silin da ya rufu da kyau, a bar wasu a buɗe a sa musu raga saboda jemage da tsuntsu, don zafin bazara ya sami mafita ta sama.

Daɓe da tsakar gida

Daɓen siminti na jan ɗumin jikin wanda ya kwanta a kai. Tabarma ɗaya ba ta isa ba. A sa kwali ko buhu a ƙasa, tabarma a kai, sannan katifa ko darduma, a riƙa ɗagawa ana shanyawa. Tsofaffi, jarirai da mai jego a ba su gado, a janye shi kamar taki ɗaya daga bangon arewa da kuma layin da ke tsakanin ƙofa da taga.

A watannin sanyi rana ta kudu take bi, bangon kudu yana shan ta tun hantsi har la'asar. Rumfa ko zanar da ke yi masa inuwa a cire ta har zuwa Maris. Ranar da hazo bai yi yawa ba, a buɗe ƙofa da tagar kudu ko yamma daga wajen ƙarfe 11 zuwa 3, ɗumi ya shiga bango da daɓe su sha, a rufe kafin rana ta faɗi. Wanda ya bari sai bayan isha ya rufe, ya riga ya zubar da abin da ya tara. Ƙofar da ke kallon gabas ko arewa a kafa mata zana mai tsayin mita 2, nesa da ita kamar mita 1 da rabi, a ɗaure da dirka masu ƙarfi. Zana ta fi kwano a wannan aiki, domin tana rage ƙarfin iska ta tace ƙura, shi kuwa kwano iska ke tsallake shi ta faɗo ta baya tana juyi. Aikin da zaure ke yi wa gida ke nan tun asali, shi ya sa ɗakin da ke da ɗan shigifa a gabansa ya fi ɗumi.

Kaskon gawayi

Duk gyaran da aka lissafa yana ƙara haɗarin abu ɗaya, kuma wajibi ne kowa a gidan ya sani. Gawayi na fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi. Garwashin da ya yi ja ya daina hayaƙi ma yana fitar da ita. A da, kafofin ɗaki ne ke fitar da gubar ba a sani ba. Yanzu da aka toshe su, kaskon da aka saba kwana da shi zai iya kashe mutanen ɗaki gaba ɗaya suna barci. Alamominta ciwon kai, jiri, tashin zuciya, kasala da barci mai nauyi, kuma takan kama mutane da yawa lokaci guda. Idan an ga haka a buɗe ƙofa, a fitar da kowa waje, a garzaya asibiti ko da an ga sun farfaɗo.

Don haka a ji ɗumin wuta a tsakar gida ko a rumfa. Idan an shigar da kasko ɗaki, ƙofa na buɗe, kuma a fitar da shi kafin kowa ya kwanta. Haka murhun gas, haka janareta, ba sa kwana a ɗaki ko a bakin taga. Don ɗumin shimfiɗa, a zuba ruwan zafi wanda bai tafasa ba a jarka ƙarama mai murfi mai kyau, a naɗe da zane a sa wajen ƙafa; ga jariri a ɗumama wurin a cire kafin a kwantar da shi. Na'urar ɗumama ɗaki ta lantarki tana jan wat 1000 zuwa 2000, tsohuwar waya da soket mai sako-sako ba sa ɗauka, sai mai gyaran wuta ya duba.

Ko ba wuta, ɗakin da mutum biyar ko shida ke kwana yana bukatar numfashi, balle a lokacin da mura, tari da sanƙarau ke yawo. A bar kafa ɗaya a sama, kamar santimita 10 da 15, a bangon kudu ko yamma inda hunturu ba ya bugawa, a sa mata raga da ɗan yadi marar kauri don tace ƙura, a riƙa wanke yadin kowane mako. Idan aka wayi gari aka ga raɓa a cikin leda ko a ƙarƙashin kwano, ko ɗakin ya yi wari mai nauyi, an toshe fiye da kima, a ƙara buɗewa.

Idan Maris ya shiga, a kwance kwalin ƙyaure, a cire firam ɗin taga, a wanke labule da jakar yashi a adana inda gara ba za ta kai ba, a mai da rumfar kudu wurinta. Robar gindin ƙofa, silin da yaɓe su zauna. Kafin ruwan farko a sake hawa soro a duba facin da aka yi, domin wanda hunturu ya busar da gaggawa yakan buɗe baki a gefe, kuma ta nan ruwa zai fara shiga.